Kwalbar Botox da Ake Gani Kamar Babu Komai a Cikinta: Amsa ga Wata Hajiya a Aboabo

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mace ce mai shekara 47, ina zaune a Aboabo a nan Kumasi. Saura mako uku a ɗaura auren 'yata, kuma ina so a yi mini allurar nan ta Botox saboda layukan da suka fito mini a goshi da tsakanin gira, har mutane kan tambaye ni ko fushi nake yi. Wata mai gyaran amare ta nuna mini 'yar kwalba, na ɗaga na duba ban ga komai a ciki ba, sai na ɗauka damfara ce. Wata kuma da ke zuwa daga Accra tana bi gida-gida ta nuna mini sirinji cike da ruwa a cikin kula, kuɗinta ma bai kai rabin na ta farkon ba. Wanne ne na gaskiya, yaya ake haɗa shi, kuma akwai haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri a auren, ya kai mu ranar lafiya.

Kwalbar da kika ɗaga kika ga kamar babu komai a cikinta, haka Botox na gaskiya yake kafin a haɗa shi, kuma a cikin abubuwa biyun da aka nuna miki, sirinjin da ya zo cike da ruwa a cikin kula shi ya fi tayar mini da hankali. Sai dai kada ki ɗauki wannan magana a matsayin shaidar da na yi wa mai gyaran amaren, domin masu yin jabu ma sun san kamannin na gaskiya, kuma ko da kwalbar tata sahihiya ce, shagon kwalliya ba wurin yin wannan allura ba ne, ita kuma ba ita ya kamata ta riƙe sirinjin ba. Shawarata ita ce kada ki miƙa fuskarki ga ko ɗaya daga cikinsu.

Abin da ya sa kwalbar ke zama kamar wofi shi ne maganin da ke cikinta kaɗan ne ƙwarai, kuma busasshe ne. Kwalbar Botox mai yunit 100 (yunit shi ne ma'aunin ƙarfin maganin) tana ɗauke da kusan nanogiram 5 na sinadarin da ke yin aikin, wato kashi 5 cikin biliyan ɗaya na giram, abin da ido ba zai taɓa gani ba. Ɗan abin da ake hangowa kayan da aka haɗa shi da su ne don kada ya lalace, wato miligiram 0.5 na albumin, wani furotin da ake tacewa daga jinin ɗan Adam, da miligiram 0.9 na gishiri. A masana'anta ana zuƙe ruwan da iskar da ke cikin kwalbar, a toshe bakinta da roba, a ɗaure da murfin ƙarfe, sai abin ya bushe ya manne a gindinta. Idan kika karkata ta kusa da taga za ki ga wani siririn fari-fari a ƙasa, irin wanda ruwan gishiri ke bari a gindin kofin gilashi idan ya ƙafe, kuma ko kin juya ta ba zai zubo ba.

Ba duka nau'o'in ne suke da wannan kamanni ba, domin Botox ɗaya ne kawai daga cikin magungunan da ake yi da wannan sinadari, ko da yake sunansa ya rufe na sauran a bakin jama'a. Kamfanin Allergan, wanda AbbVie ya saya a 2020, shi ke yin sa a garin Westport na ƙasar Ayilan. Akwai Dysport na kamfanin Ipsen da ake yi a Wrexham ta Birtaniya, akwai Xeomin na kamfanin Merz na Jamus, waɗannan biyun kuma farin garin da ke cikinsu ya fi fitowa fili. Daga Koriya ta Kudu akwai irin su Nabota da Botulax. A 'yan shekarun nan an fitar da wanda yake zuwa a narke, kamar Alluzience, amma shi ma a kwalbarsa ta kamfani yake zuwa, a rufe, da suna da lamba a jikinta. A cikin waɗannan da na lissafa babu wanda ke barin masana'anta a cikin sirinjin da ba shi da rubutu. Saboda haka ruwan da aka nuna miki a kula wani ne ya haɗa shi, a wani wuri, a wata rana, da wani ruwa, kuma ba ki da hanyar sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana iya zama ruwan gishiri zalla, ki yi asarar kuɗi kawai, yana kuma iya zama gubar da ba a auna ba, wadda ita ce ke kai mutane asibiti.

Na ce guba ne da gangan, domin ya kamata ki san abin da za a sa miki. Sinadarin dafi ne da wata ƙwayar bakteriya mai suna Clostridium botulinum ke fitarwa, ita ce kuma ke haddasa cutar shanyewar jiki da ake samu daga gurɓataccen abincin gwangwani ko naman da ba a adana da kyau ba. Wani masani ɗan Beljiyam, Emile van Ermengem, shi ya gano ƙwayar bayan da mutane suka ci naman da ya gurɓata a ƙauyen Ellezelles a 1895. Wanda ya mayar da dafin magani likitan ido ne a San Francisco ta Amurka, Alan Scott, wanda ya yi amfani da shi wajen gyara harararren ido, kuma a 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan aiki da kuma ciwon da ke sa fatar ido ta riƙa rufewa da kanta. Wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, da mijinta Alastair, likitan fata, su suka lura cewa layukan tsakanin gira na masu karɓar allurar suna sakewa, sai a 2002 aka ba da izinin yin ta don kwalliya. Aikinsa ɗaya ne a duk inda aka sa shi: yana shiga bakin jijiya ya hana ta sakin sinadarin da ke umartar tsoka ta motsa, sai tsokar ta saki har zuwa lokacin da jijiyar za ta farfaɗo, wanda kan ɗauki wata uku zuwa huɗu. Bambancin magani da cuta a nan yawan abin ne da kuma wurin da ya sauka.

Yanzu ga yadda ake haɗa shi, kuma haƙƙinki ne a haɗa a gaban idonki. Likita zai ciro kwalin daga firiji, ya nuna miki shi a rufe, ki ga sunan maganin da yawan yunit da ranar da zai daina aiki, ki kuma ga cewa lambar da ke jikin kwalin ita ce a jikin kwalbar. Zai wanke hannu, ya sa safar hannu, ya ɓalle murfin roban da ke sama, ya goge bakin kwalbar da auduga da sifirit, ya bari ya bushe. Daga nan zai ɗebi ruwan gishiri na asibiti mai ƙarfin kashi 0.9 cikin 100, sabo, daga mazubin da ba a taɓa buɗewa ba. Ruwan famfo, ko ruwan leda, ko ruwan da aka tafasa a gida, babu ɗayansu da ke shiga wannan aiki. Ga kwalba mai yunit 100, abin da takardar kamfanin ta tanada don layukan fuska shi ne mililita 2.5, mai yunit 50 kuma mililita 1.25. A nan ne za ki ga wani abu da ya cancanci ki zuba ido: da zarar allurar ta huda robar, kwalbar da kanta za ta ja ruwan ciki, har ki ga sandar sirinjin tana tafiya ba tare da an danna ta ba, saboda an zuƙe iskar da ke ciki tun a masana'anta. Idan ruwan bai shiga da kansa ba, alama ce cewa iska ta riga ta shiga, ko dai an taɓa huda kwalbar ko murfin ya sami matsala, kuma umarnin kamfanin shi ne a jefar da ita. Bayan ruwan ya shiga, ana juya kwalbar a hankali tsakanin yatsu, ba a girgiza ta har ta yi kumfa. Abin da zai fito dole ne ya zama garau, ba launi, ba gajimare, ba wani ɗan abu da ke yawo a ciki. Sai a rubuta rana da lokaci a jikin kwalbar, a ɗebi maganin da sabon sirinji, a sa siririyar allura mai lamba 30 zuwa 33.

Wannan lissafi na ruwa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin a nan ne ake cin kuɗin mutane ba tare da sun sani ba. Idan an zuba mililita 2.5 a yunit 100, kowane ɗigo na mililita 0.1 yana ɗauke da yunit 4. Idan aka zuba mililita 5, ɗigon nan ya koma yunit 2, alhali ke kin ji sukar allura sau biyar kamar kowa, kin ga ruwa ya shiga, kin biya cikakken kuɗi. Bayan mako shida sai ki ga layukan sun dawo, a ce miki jikinki ne ba ya karɓa. Likitoci na ƙwarai ma sukan bambanta a yawan ruwan da suke zubawa gwargwadon wurin da za su yi wa aiki, kuma wannan ba laifi ba ne matuƙar yawan yunit ɗin ya cika. Don haka tambayar da za ki yi ita ce yunit nawa za a sa miki, kuma na wane kamfani, domin ma'aunin kowane kamfani daban yake. Tsakanin gira yunit 20 ne na Botox, amma na Dysport yunit 50 ne a wuri guda. Mai cewa za ta ba ki "yunit 50" ba tare da ta faɗi sunan maganin ba, ba ta faɗa miki komai ba. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma maganin da ake shigowa da shi ta jirgi a cikin sanyi, a biya masa haraji, ba shi da hanyar da zai bi ya sauko ƙasa da rabin kuɗinsa sai an rage wani abu.

Sai batun sanyi, wanda a ƙasarmu ba ƙaramin abu ba ne. Botox da Dysport suna buƙatar firiji mai sanyin digiri 2 zuwa 8 tun daga masana'anta har zuwa ranar amfani. Xeomin ne ke jure zama a waje kafin a haɗa shi, shi ma kada zafin ya wuce digiri 25, alhali a Kumasi da rana zafi kan haura 30 cikin sauƙi, balle a cikin mota a cunkoson kasuwar Kejetia. Bayan an haɗa shi kuma, takardar Botox ta ce a yi amfani da shi cikin awa 24, a firiji, ga mutum ɗaya. Gaskiya ne cewa wasu asibitoci a ƙasashen waje suna ajiye wanda aka haɗa ya kwana fiye da haka, kuma bincike ya nuna ƙarfinsa ba ya gushewa nan take, amma waɗannan wurare ne da wuta ba ta ɗaukewa kuma ake rubuta sanyin firiji safe da yamma. Mu da muka san dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ni ina tsayawa ne a kan abin da takardar ta ce. Ki tambayi duk inda za ki je ko suna da janareta, ki kuma duba ko firijin na magani ne kaɗai ko har da lemo da ragowar abincin ma'aikata. Kula da ƙanƙara da ta yi tafiyar awa biyar daga Accra, sannan ta kwana biyu tana zagaya gidaje, ba ta cika wannan sharaɗi ba ta kowace fuska.

Game da jabu, ba a nan kaɗai ake fama da shi ba. A watan Agustan 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi kan Dysport na jabu da aka kama a ƙasashe irin su Jodan, Turkiyya, Kuwait, Birtaniya da Polan. A 2024 a Amurka mata da dama a jihohi daban-daban sun kwanta asibiti bayan an yi musu allurar a gidaje da shagunan kwalliya, kuma a cikin kwalayen da aka kama har da masu rubutun yunit 150, girman da kamfanin Botox ba ya yi sam, domin nasa 50 ne da 100 da 200. A 2025 a Ingila fiye da mutum 30 sun kamu da cutar shanyewar jiki ta wannan hanya. Kafin nan, a 2004 a jihar Florida, mutum huɗu sun shafe lokaci mai tsawo a kan na'urar numfashi saboda an yi musu allura da dafin da aka yi don ɗakin bincike, wanda ƙarfinsa ya ninka na magani sau dubbai, kuma wanda ya yi allurar yana cikinsu. Abin lura shi ne irin ruwan da ya kwantar da waɗannan mutane yana iya zama garau, daidai da na gaskiya. Kwalbar Botox tana da tambari mai walƙiya a jikinta, ya kamata kuma ki duba shi, amma masu jabu suna kwaikwayonsa. Idonki zai iya gano marar kyau a wasu lokuta, amma ba zai iya tabbatar miki da mai kyau ba.

Abin da zai tabbatar miki shi ne hanyar da maganin ya bi da hannun da ke riƙe da shi, kuma dukkansu ana iya bincikawa a Gana. Dokar kiwon lafiyar jama'a ta 2012 ta ɗora wa Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasa alhakin yi wa kowane magani rajista kafin a shigo da shi ko a sayar, tana da ofishi a nan Kumasi, kuma ana iya neman sunan magani a rajistarta ta intanet. Nau'o'in Koriya da na ambata na kamfanoni ne na gaske, har Amurka ta amince da Nabota a 2019 da Botulax a 2024 a ƙarƙashin wasu sunaye, amma wanda aka sayo ta Instagram ko aka cuso a akwatin kaya daga Dubai ba shi da wannan kariya, ko da sunan da ke jikinsa na gaskiya ne. Wurin da za a yi miki allurar ya zama yana da lasisin hukumar HeFRA mai kula da asibitoci, a rataye inda kowa zai gani. Mai yin allurar kuma ya zama likita mai rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori, wanda ya sami horo a kan tsokokin fuska, ko ma'aikaciyar jinya mai lasisi da ke aiki a ƙarƙashin irin wannan likita. Takardar shaidar kwas na kwana uku da aka manna a bango ba lasisi ba ce. Ki nemi cikakken suna ki bincika, ki ɗauki hoton kwalin da lambarsa, ki karɓi rasit. Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Dalilin da ya sa nake nanata batun hannu shi ne fuska wuri ne mai cunkoso, tsokoki suna kwance kusa da juna, kuma kowacce da aikinta. Layukan tsakanin gira tsokoki uku ne ke jawo su, biyu a kan girare da ɗaya a saman karan hanci, kuma ana raba yunit 20 ɗin ne a wurare biyar, yunit 4 a kowanne. Ƙasa kaɗan da nan, a cikin kwarmin ido, akwai siririyar tsokar da ke ɗaga fatar ido. Idan allurar ta sauka ƙasa da inda ya dace, ko ruwan ya yi yawa ya malala, sai fatar ido ɗaya ta sauko ta rufe rabin idon, shi ya sa ƙa'ida ta ce a bar aƙalla santimita ɗaya sama da ƙashin gira a gefen waje. Ko a gwajin da kamfanin ya yi da ƙwararrun likitoci, kusan mutum 3 cikin 100 sun sami wannan matsala. Goshi kuma ya fi wuya ga mai shekarunki, domin tsokar da ke jawo layukan kwance a goshi ita kaɗai ce ke ɗaga gira. Mata da yawa da suka haura arba'in suna ɗaga girarsu kullum ba tare da sun sani ba, saboda fatar idonsu ta fara nauyi. Idan aka kashe wannan tsoka gaba ɗaya, goshi zai yi santsi, amma gira ta sauko, fuska ta yi kamar ta mai jin barci. Likitan da ya san aikinsa zai sa ki ɗaure fuska, ki ɗaga gira, ki yi murmushi, ya taɓa da yatsa ya ji inda tsokar take, kafin ya yanke ko goshinki zai ɗauki allurar ma ko a tsaya a tsakanin gira kawai.

Ki tsaya gaban madubi ki saki fuskarki sarai. Layin da ya ɓace idan kin saki fuska, ya dawo idan kin haɗe gira, shi allurar ke yi wa aiki sosai. Wanda ya zauna daram ko kina hutawa ya riga ya shiga fata, zai yi laushi amma ba zai gushe da allura ɗaya ba. Botox ba ya ciko kumatu, ba ya haskaka fata, ba ya cire tabo. Ciko wani magani ne daban mai kauri, kuma abin da ake shafawa a gashi a salun da sunan Botox ba shi da wannan sinadari ko kaɗan. Idan kina shafa man bilicin, musamman masu ɗauke da sinadarin clobetasol, ki faɗa wa likita ba tare da jin nauyi ba, domin yana sa fata ta yi siriri, jini ya riƙa taruwa a ƙarƙashinta, kuma a baƙar fata irin wannan kan bar duhu na wani lokaci.

Akwai waɗanda bai kamata a yi musu ba. Mai ciki da mai shayarwa su jira. Mai ƙurji ko miki a wurin da za a soka ta bari ya warke. Mai ciwon raunin tsoka irin wanda ake kira myasthenia gravis, ko wata cutar jijiya da ke taɓa haɗiya ko numfashi, tana cikin haɗari babba. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, musamman gentamicin da ake yawan yin allurarsa a wurarenmu, suna ƙara wa dafin ƙarfi, don haka ki lissafa wa likita duk abin da kike sha ko aka yi miki, har da na gargajiya. Asfirin da diclofenac da ibuprofen suna ƙara taruwar jini a ƙarƙashin fata, amma idan likita ne ya ɗora ki a kan maganin tsinka jini saboda zuciya ko hawan jini, kada ki daina da kanki. Mai rashin jituwa da furotin na madarar shanu ba a yi mata Dysport. Idan kuma kina so ki tambayi malaminki hukuncin abin, ki kai masa bayanin daidai: akwai albumin na jinin ɗan Adam a ciki, kuma tasirinsa na wucin gadi ne, yana gushewa bayan 'yan watanni.

Bayan allurar za ki ga ƙananan kumburi a wuraren da aka soka, su baje cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, wasu kuma kan yi ciwon kai na kwana ɗaya ko biyu. Abin da aka saba faɗa shi ne kada a murza wurin, kada a danna shi, kada a kwanta na tsawon awa huɗu. Hujjar bincike a kan wannan ba ta da ƙarfi sosai, amma kiyayewar ba ta da wahala, kuma ga mai sallah tana da sauƙin tsarawa: idan aka yi allurar da ƙarfe takwas na safe, awa huɗun sun cika kafin Azahar, ki yi alwala a hankali ba tare da gurza goshi ba, ki yi sujadarki yadda kika saba. A ranar kada ki ɗaure ɗankwali tamau a kan goshi, dilka da tururin fuska da tausa kuma ki ɗaga su zuwa bayan kwana biyu aƙalla.

Lokacin bikin shi ne abin da ya fi sa ni cewa ki dakata. Maganin yana fara aiki ne bayan kwana biyu zuwa uku, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a mako biyu, a lokacin ne kuma likita ke sake duba fuska ya gyara idan gira ɗaya ta fi ɗaya tsayi. Saukowar fatar ido, idan za ta zo, takan bayyana a cikin mako na farko ko na biyu, ta kuma ɗauki makonni kafin ta tafi. Akwai maganin ɗigawa a ido da ke ɗaga ta kaɗan, amma babu wata allura da ke warware Botox bayan ya kama, sai dai a jira. Da mako uku a hannunki, kuma wannan ne karonki na farko da ba wanda ya san yadda tsokarki za ta amsa, duk wata matsala za ta faɗo ne daidai ranar da uwar amarya ke tsaye tana karɓar baƙi ana ɗaukar hoto. Mai yi a karon farko ya kamata ta bar mako huɗu zuwa shida kafin taro. Ni a ganina ki bar mai kwalliya ta yi aikinta na hoda da jagira a wannan bikin, ki je ganin likitan fata ko likitan gyaran jiki bayan an watse, a duba ki a natse. Idan an yi kuma ya yi miki, ba a maimaitawa kafin wata uku su cika.

Tun da mai kular tana bin gidaje a unguwa, mai yiwuwa akwai maƙwabtanki da ta riga ta yi wa, don haka ki sanar da su alamomin da ba a wasa da su. Tun 2009 hukumar Amurka ta wajabta wa duk kamfanonin buga gargaɗi a takardar bayanin maganin cewa dafin na iya bazuwa daga inda aka sa shi zuwa sauran jiki, bayan awoyi ko ma makonni. Idan mutum ya fara ganin abu biyu-biyu ko dishi-dishi, ko fatar idanunsa duka biyu suka sauko, ko harshensa ya yi nauyi, muryarsa ta canja, ruwa ya riƙa sarƙe shi, wuyansa ya kasa ɗaukar kansa, ko numfashi ya yi masa wuya, to ba lokacin shan magani a gida ko kiran wadda ta yi allurar ba ne. A kira 112 ko a ɗauke shi kai tsaye zuwa sashen gaggawa na asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, domin ana buƙatar wurin da ke da na'urar taimaka wa numfashi. A faɗa wa likitoci tun daga ƙofa cewa an yi allurar fuska, da ranar da aka yi, ba tare da ɓoyewa don kunya ba, saboda alamomin suna kama da na shanyewar ɓarin jiki kuma ana iya ɓata lokaci ana neman wata cuta. Akwai makarin dafin, amma yana tare wanda ke yawo a jini ne kawai, ba ya warware wanda ya riga ya kama jijiya, kuma ba kowane asibiti ke ajiye shi ba, shi ya sa kowace awa take da daraja. A tafi da kwalbar ko sirinjin ko hotonsu idan akwai, sannan a kai rahoto ga ofishin hukumar magunguna ko ta manhajarta ta Med Safety, domin da wannan rahoton ne take bin sawun inda kayan suka fito.